Daminar da Ƙanƙara Ta Sassare Tabar Inna

Ranar sunan ɗiyar autana ina zaune a ɗaki ana raba goro, sai na ji wata baƙuwa daga dangin mai jego tana tambaya a tsakar gida wai wace ce uwar mijin. Aka ce mata, “Hajiya mai taba mana, ba ki san ta ba?” Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sunan bai dame ni ba, na daɗe da sabawa da shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗaya daga cikinku tana wurin, na hango ta ta gefen labule, ta sunkuyar da kai kamar an tona asirin gidansu. Ba zan faɗi ko wace ce ba, ta san kanta. Tun ranar na ƙudura sai na rubuta muku wannan da hannuna, don abin da kuka sani gutsattsari ne kuka tsinta a bakin mutane: wai na noma taba, wai na kai ta kasuwa, wai na yi wa babanku gardama, wai an sallame ni daga makarantar mata. Kasuwa ƙarya ce, ko ganye ɗaya ban taɓa sayarwa ba. Sauran ukun gaskiya ne, kuma ga yadda aka yi.

Inna, mahaifiyar babanku, mutuniyar Gabi ce. Da aka kawo ta Madarunfa, cikin abin da ta zo da shi har da ɗan ƙullin irin taba a bakin zane, wanda uwarta ta ɗaure mata. Irin taba kamar ƙura yake, in ka yi atishawa kusa da shi ka yi asarar shekara. Kowace damina Inna takan yafa shi a fasasshen tulu, in ya yi ganye huɗu ta dasa a bayan gida, tsakanin rijiya da darni, gindi arba'in da ɗoriya. In ta girma ta karye kawunan don ganye ya yi faɗi, ta bar gindi biyu kawai su yi fure. Ganyen takan shanya a inuwa cikin tsohon rumbu, ta daka da kanwa. Wani ta zuba a buhunan wake saboda ƙwari, wani ta ƙulla wa tsofaffin ƙawayenta da ke zuwa hira bayan azahar, wani kuma, ba zan ɓoye muku ba, ta sa a leɓenta. Furen kuwa na haƙori ne. Takan goga shi, ta bi da goro, haƙoranta su yi ja wur, irin adon matan zamaninsu.

Ni ko warinta ba na so. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har ƙarshen kwalej, kuma akwai ranar da mushenmu, malamin ajinmu, ya nuna mana hoton huhun mashayin taba, na kwana biyu ban ci nama ba. Bayan na yi aure na shiga makarantar Malama ta matan unguwa, har ta kai ta ba ni ajin sababbin shiga ina koya musu tsarki da salla. Na san abin da malamai suka ce game da taba, wasu sun ce makaruhi ce, wasu sun haramta ta kai tsaye, ban kuwa taɓa ɗora ta a harshena ba har yau da nake wannan rubutu. Babanku ya fi ni ƙinta, kuma yana da dalilinsa. Mahaifinsa mai lofe ne, tari ya kashe shi, babanku ne ya riƙe masa tasar da yake tofa jini yana saurayi. Duk shekara in ya dawo da kamyonsa, babbar motarsa ta ɗaukar kaya, daga Ɗan Issa ya tarar an yi dashe, sai ya tsaya bakin darni ya ce, “Inna, bana dai a bar ta.” Ita kuma ta ce, “Bana dai kai ka bar ni.” Haka suke yi, ni ina daga gefe, ban taɓa sa baki ba.

A shekarar da nake ba ku labari, Inna ta yi dashenta lafiya. Bayan kamar kwana ashirin ta faɗi a bakin rijiya da guga a hannu. Aka kai ta likita a Maraɗi, aka dawo mana da ita ɓarin hagu ya shanye, baki ya ɗan karkace, magana tana fita da nauyi amma ana ganewa. Matar da ba ta yarda ko ruwan alwala a zuba mata, yau ni ke juya ta, ni ke wanke ta. Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. Shekara goma sha biyu ina gidan ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa kama sunanta ba. Duk lokacin da na shigo da ruwan wanka sai ta rufe ido, ba ta buɗewa sai na fita. Kunu kuwa, ludayi biyu ta kawar da kai. Magana ɗaya ce take yi mini da safe:

“Ta kai ina?”

Sai in zagaya bayan gida in tsaya kusa da tabar in auna da ƙafata, in dawo in ce ta kai ƙwauri, ko ta kusa gwiwa, ko ta wuce gwiwa. Na lura da wani abu da ba wanda ya lura da shi, don ni ke wanke ƙwaryar: ranar da na ce ta ƙaru, kunun yakan ragu fiye da kullum.

Cikin watan takwas, wata Alhamis bayan la'asar, gari ya yi tsit, zafi ya danne ko'ina. Hadari ya taso daga gabas da wani launi da ban saba gani ba, tsuntsayen tabki suna ta wucewa ƙasa-ƙasa. Na kwashe shanya na kora ku ɗaki. Da farko na ɗauka wani ke jifan kwanon rufinmu da tsakuwa, kafin in ankara ƙarar ta kai ko kusa da kunnena aka yi magana ba na ji. Ƙanƙara ce, wata kamar 'ya'yan kanya, wata ta kai ƙwan kurciya. Ba ta daɗe ba, ko shayi ba zai dahu ba a tsawon lokacin. Da ta ɗauke na fito, tsakar gida fari fat, ganyen dogon yaro a zube kamar an shimfiɗa, 'yan tsakina biyar a kwance gindin turmi. Na zagaya baya. Tabar da ta kai mini ƙugu da safe, ganyenta ya zama rariya, wasu karan sun karye sun kwanta cikin taɓo, waɗanda ke tsaye jikinsu duk tabo. Wari kuwa ya cika wurin, warin ɗanyen ganyen da aka daka.

Na tsaya ina shirya abin da zan gaya mata. Ina ɗaga labule ta riga ni.

“Kada ki yi mani ƙarya, ɗiyar nan. Na ji warinta tun daga nan.”

Ta juya fuskarta bango. Washegari ba ta tambaye ni ta kai ina ba. Kunu ya yi sanyi a ƙwarya, na ɗumama, ya sake yin sanyi.

Babanku yana hanya, ruwa ya tsare su, ba wanda zan yi shawara da shi. Sai na yi abin da zuciyata ta ba ni, kuma kuskure ne. Kun san ni, ko kaza za a yanka sai na shige ɗaki. Na ɗauko tsohon zane na yayyage, na faskara karan dawa, na bi karyayyun nan ɗaya bayan ɗaya ina miƙar da su ina ɗaurewa kamar mai ɗori. Ganyen da ya huje ma ban cire ba, na ce tun da da sauran kore a jikinsa a bar shi ya ji da kansa. Tsumman ya ƙare kafin in kai layin ƙarshe, na bar wannan layin a kwance ina jin tausayinsa. Kwana uku, duk inda na ɗaure ya yi baƙi, ya yi yauƙi, in na taɓa yatsana ya nutse.

A cikin kwanakin nan mata suna ta shigowa duba Inna da jajen ƙanƙara. Malama ma ta zo, mace mai kirki wadda na ƙaru da ita ƙwarai, Allah ya jiƙanta. Da za ta fita ta leƙa bayan gida, ta ga tsummokarana suna reto, ta girgiza kai.

“Ki kwance wannan wahala. Allah ne ya ɗauke muku abin da kuka kasa ɗauke wa kanku.”

Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

“Malama, ɗazu na biyo ta bayan gidan liman, kabewarsa ma duk ta farfashe. Ita kuma me ta yi?”

Ta dube ni, ta gyara hijabinta, ta ce a gaida mai jiki.

Rana ta huɗu babanku ya iso. Ya shiga ya gaida Inna, ba ta juyo ba. Ya zagaya baya ya dawo, na kawo masa ruwa, ya sha ya ajiye kofin.

“Alhamdu lillahi. Gobe in rana ta ɗaga zan kafce wurin in zuba wake, har yanzu zai yi.”

“Malam, yau kwana huɗu abin da Inna ta sha bai kai ludayi uku ba.”

“Ciwo ne. Za mu koma likita.”

“Ciwon yana nan tun wancan watan, tana sha. Ranar ƙanƙara ta daina.”

“Ke da kike koya wa mata tsarki, ke ce yau za ki tsaya wa taba?”

“Ba taba na tsaya wa ba.”

“Na gama magana.”

Ban taɓa mayar masa da magana sau uku a jere ba sai ranar. Na ɗauki kofin na shige madafa.

Da gari ya waye, bayan na idar da salla haske ya fara shigowa, na shiga ɗakin Inna na durƙusa bakin gadonta. Na ce mata na yi ɗori bai kama ba, ban san yadda ake yi ba, ita ce ta sani. Ba ta juyo ba. Na ce in rana ta ɗaga Malam zai kafce wurin. Sai na ga kafaɗarta ta motsa. Ta juyo da ƙyar.

“Da wace ƙafa zan tahi?”

“Da tawa.”

Na kwance mayafina, na juya mata baya na tsuguna, yadda nake yi muku in zan goya ku.

“Ke ɗiyar mutane, kanki ɗaya? Uwar mijinki za ki goya?”

“Inna, mu bar kunyar nan ɗaki. In mun dawo sai kowa ta ɗauki tata.”

Na jawo hannunta mai rai na ɗora a kafaɗata, na tallabo matacciyar ƙafar, na ɗaure ta da zane biyu, na miƙe. Na yi shirin nauyi, sai na kusa faɗuwa gaba don babu shi. Wanda nake goyo a lokacin, ɗan shekara biyu, kusan ya fi ta cika baya. Ƙasusuwan ƙirjinta nake ji a gadon bayana ɗaya-ɗaya. Hawaye ya zubo mini, na gode Allah da ba ta ganin fuskata.

Na shimfiɗa mata tabarma na jingina ta da bakin rijiya, na tokare ɓarin hagun da matashi. Ta bi layukan da ido, ta ga karan dawa, ta ga tsummoki. Sai na ji wani sauti da na yi wata biyu ban ji ba, dariya ce ke fita ta rabin bakinta.

“Mi ne wannan? Kaciya kika yi musu?”

“Ɗori ne, Inna.”

“Ɗori. Shi aka koya muku a lakwal? Tahi ki waso wuƙa. Ki ɗebo toka, ta jiya, mai sanyi.”

Da na dawo ta ce in kwance tsumman duka. Ta ce in ƙirga gaɓa daga ƙasa, ɗaya, biyu, uku, in yanke sama da ta ukun, a karkace don kada ruwan sama ya zauna a kan ciwon, in shafe da toka. Wanda ruɓa ta riga ta sauka har ƙasa in tuge shi gaba ɗaya. Ganyen da na yanke kada in bar ko ɗaya a gindi, in kwashe in kai bayan darni, don ruɓar tana bin na kusa. Na fara da waɗanda suka karye, wannan bai yi mini wuya ba. Sai na zo kan wani da ke tsaye, dogo, ganyensa uku na sama da sauran kyau. Na ɗora wuƙa na ɗauke.

“Inna, wannan ai da sauransa.”

“Dubi jikin karan. Tabo nawa?”

“Da yawa.”

“Ta nan za ta ci shi, ta gangara ta kashe saiwar. Tausayinki ya riga ya kashe mani rabi. Yanke.”

Na yi bisimilla na yanke. Ruwansa ya fito ya manne mini a yatsu.

Ina layi na uku babanku ya zagayo da hauya a kafaɗa. Ya ga uwarsa a waje, zaune, ya tsaya cak. Sannan ya ga wurin: babu ganye ko ɗaya a layi biyu, sai kututture gajeru da toka a ka, ni kuma da wuƙa a hannu. Fuskarsa ta saki.

“Madalla. Ashe kin riga ni. Allah ya yi miki albarka.”

Na dubi Inna, ta ƙyafta mini idonta mai lafiya, wato in yi shiru. Da na yi shirun, da ya ajiye hauyarsa ya tafi tasha da farin ciki, da mun samu mako guda ko fiye kafin toho ya tona mu. Na yi tunanin haka, ba zan ce ban yi ba. Amma albarkar miji ce ya sa mini, a kan abin da ba shi ne ba, kuma na ji ba zan iya ɗaukarta in tsaya salla da ita ba.

“Malam, riƙe albarkarka tukuna. Ba kashe ta nake yi ba. Yanka nake don ta tofo.”

Na ji Inna ta ja tsaki a bayana. Shi kuwa ya ɗaure fuska ya ce:

“Tashi daga nan.”

“In na gama layin nan.”

Ya sauke hauyar daga kafaɗa ya matso kan kututturen farko. Ban riƙe hauyar ba, ban ɗaga murya ba, kada wani ya gaya muku na yi. Matsawa na yi na ɗora tafin hannuna a kan kututturen, na bar shi nan. Ya ce in ɗauke. Ban ɗauke ba. Ina kallon bakin hauyar, ina jin sanyin tokar a tafina, ina karanta duk abin da ya zo bakina a ɓoye.

Inna ce ta yi magana. Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne.

“Kai, ɗan nan. Ubanka lofe ya kashe shi, ban musa ba, ni na wanke tasar bayan ka ajiye. Ni kuwa ɗakin can ne zai kashe ni. Yau na ga rana. In ka kafce, ka mayar da ni ciki da hannunka, kada ka bar wa ɗiyar mutane.”

Ya dubi uwarsa, ya dubi zanen goyon da ke yashe gefen tabarma, na ga ya gane yadda aka yi ta fito. Ya jingina hauyar da darni. Ni ya yi wa magana, ba ita ba.

“Ki sani ba da yawuna ba.”

“Na sani, Malam.”

Ya fita. Na ƙarasa layin, na shiga na gaba.

Kada ku ɗauka a nan aka tashi kowa yana murna. Daga ranar babanku ya daina cin tuwona. Yakan ajiye cefane, ya gaida Inna, ya amsa gaisuwata da kalma ɗaya, ya ci abincinsa a tasha. Kullum ina zuba nasa a kwanonsa in rufe, da safe in ɗumama muku. Kafin mako ya zagayo Malama ta aiko a ce in huta da ajin tukuna, sai hannuna ya rabu da wari. Warin kuwa gaskiya ne. Danƙon taba baƙi ne, yana shiga ƙarƙashin farce, na wanke da toka na wanke da sabulu yana nan. A wajen wata ta'aziyya na tsaya sahu, matar da ke hannun damana ta ja da baya ta sake wuri. Wata safiya kuma, bayan ganye ya dawo, na shiga cikin tabar da raɓa a jikinta, kafin hantsi jiri ya kwashe ni na yi ta amai, unguwa ta ɗauka cewa ga sakayya ta fara. Inna ta ce sakayyar mi, ba a taɓa taba da raɓa, a jira rana ta busar da ita, kowace 'yar Gabi ta san wannan. A kowace sujada ina roƙon Allah in ɓata nake ya nuna mini ya juyo da ni. Ba zan ce muku na yi mafarki ko na ji wata alama ba. Abin da na gani kawai shi ne ƙwaryar kunu tana dawowa ba komai a ciki.

Kwana takwas da yankan, na tarar kowane kututture ya fito da 'yan toho a gaɓoɓinsa, wani uku, wani huɗu, kore shar kamar kunnen ɓera. Na goyo Inna da sauri ina murna. Ta duba ta ce in bar ɗaya a kowane gindi, wanda ya fi ƙarfi, in tsinke sauran da farce. Na ce Inna, da ƙyar fa suka fito. Ta ce in na bar huɗu za su raba abincin saiwa ɗaya su tashi duk ƙanana, ba na ɗaka ba na fure. Wannan ya fi mini yankan ciwo, ina tsinkewa ina ba su haƙuri a zuci, ita kuma tana daga tabarma tana cewa, “Na ga wanda kika ɓoye bayan kara, 'yar lakwal. Cire shi.” Gindi ashirin da shida suka rayu. Layin ƙarshen nan da tsumma bai kai gare shi ba, wanda na bari a kwance ina tausayi, ko ɗaya bai mutu ba. Waɗanda na fi ɗaurewa da kyau su suka fi mutuwa. Inna ba ta bar ni na manta da wannan ba har ƙarshen ranta.

Kowace safiya in raɓa ta bushe sai in tsuguna ta hau. Kunyar da muka bari a ɗaki ba wadda ta koma ta ɗauka. A bayana take ba ni labarin Gabi, da uwarta, da shekarar da fari suka cinye gero suka bar taba. Ƙawayenta suka dawo hira, sai dai yanzu a bakin rijiya. Ta fara riƙe wuƙa da hannun dama tana gyara mini kara. Ni kuma ina lura da abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba: kullin zanen goyon. Da farko sai na naɗe bakin zanen sau biyu kafin ya kama. Da aka yi wata, sau ɗaya. Wata safiya na yunƙura zan miƙe da ita gwiwata ta ƙi, sai da na dafa bango.

“Mi ya faru?”

“Kin yi nauyi, Inna.”

“To wa ya ce ki riƙa cika ƙwaryar?”

Ganyen bai yi faɗin na kowace shekara ba, amma ya yi. Gindi biyun da ta ce a bari don fure suka yi tsawo suka wuce ni, lokacin da aka fara yankan gero suka fitar da fure, dogaye, fari da ruwan hoda a baki. Na tsinko mata. Ta juya shi a hannu ta shinshina, ta ce saura goro. Babu goro a gidan, babanku ne mai sayowa, kuma tun ranar hauya bai sake kawowa ba. Na ce zan nemo gobe. Ashe yana zaure yana jin mu. Washegari da la'asar ya dawo daga Ɗan Issa, na ga ya shiga ɗakin Inna ya fito bai daɗe ba. Da na shiga na tarar da ƙullin goro a ganye mai laima kusa da matashinta, ja, manya. Ta goga furen, ta ɓare goron, ta yi mini murmushi da rabin baki, haƙoran nan ja wur. Da magariba na ajiye kwanon babanku inda na saba. Da na je ɗauka, ya cinye.

Bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ni ma ban taɓa ce masa na yi kuskure ba, har ya koma ga Ubangijinsa muna zaune lafiya a kan haka. Na roƙe shi gafarar ɓacin ran da na sa shi, ya yafe, amma ban roƙi gafarar hannun da na ɗora a kan kututturen ba, shi ma bai nema ba. Malama ba ta sake kirana ajin ba. Na yi kewarsa ƙwarai, har yau in na ji mata suna bitar farillan alwala sai bakina ya riƙa bi. Sunan mai taba kuma ya zauna.

Inna ta ƙara damina biyu a duniya, duka biyun na yi mata dashe, duka biyun na goya ta. Bayan rasuwarta da kwana arba'in na ɗauki hauyar nan ta babanku na kafce wurin da hannuna, ba wanda ya sa ni, na dasa zogalen da kuka taso kuna ci. Irin kuwa na ƙulle shi a bakin zanenta na kai wa ƙanwarta a Gabi, don na uwarsu ne, ba nawa ba.

Ba na so ko ɗaya cikinku ya sha taba, wanda na kama kuwa sai ya gane tsufana bai kai hannu ba. Amma in an sake cewa 'ya'yan mai taba a gabanku, ku ɗaga kai ku amsa. Ina da abubuwa da yawa da nake neman gafararsu kowace asuba, na san su ɗaya bayan ɗaya, wannan ba ya ciki. Bayana ya san nauyin Inna ranar da na fara ɗaukarta, ya san nauyinta ranar da fure ya fito. In an tambaye ni gobe kiyama, shi zan ce a tambaya.